Sifilin Da Ya Rufe Ɓangaren Malama

Jama'a, na karanta abin da kuka rubuta a ƙasan labarin da ya wuce. Wata baiwar Allah ta ce ni tsoho ne mai baƙin hali, wani kuma ya ce a yi mini uzuri, kaɗaici ne. Na gode muku duka. Ta farkon ta fi kusa da gaskiya, yau ma za ku ga shaida.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: ni mai gyaran rubutu ne a maɗaba'a, na yi ritaya. Abin da na ci abinci da shi a duniya shi ne in nemo kuskuren wani in zagaye shi da jan biro. Matata, wadda kowa har ni muke kira Malama, ta rasu bara waccan. Manyan 'ya'ya kowa ya kama gabansa, gidan ya rage daga ni sai Auta. Auta tana zana taswira a hukumar ruwa, kuma akwai wani injiniya a ofishinsu da ya sha alwashin raba ni da ita. Tun bara yake roƙon in ba manyansa rana su zo, ni kuma ina ce masa za mu duba. Ban taɓa duba komai ba.

Laifinsa? Na nema iya nema. Yana cire takalmi tun daga ƙofa, yana durƙusawa ya gaishe ni, rigarsa kullum a goge, ba ya katse mini magana ko da ina faɗin shirme da gangan. Abin da na samu kawai shi ne yana yawan murmushi, kuma yana goya jaka a baya kamar ɗan firamare. Da waɗannan biyun nake riƙe da shi.

Yanzu ga laftof ɗin. Ta Malama ce tun asali, baƙa, da ɗan tsagu a kusurwar hagu tun ranar da ta faɗo daga teburin guga. Bayan rasuwar, Auta ta buƙaci abin da za ta riƙa ƙarasa aikin ofis da shi a gida, kuma manhajar taswirarta a wani tsarin kwamfuta da ake kira Linuks take tafiya. Injiniya ya ce ba sai an goge komai ba, za a raba cikinta gida biyu: tsarin Windos na Malama ya zauna yadda ta bar shi, Linuks kuma na Auta. Auta ta yarda da sharaɗi guda, a gabana ta faɗa masa.

"Ɓangaren Mama, da hanyar shigarsa, ko da wasa kada ka taɓa ba ka faɗa mini ba."

Ya ce ya ji, ya yi murmushin nan nasa.

Hanyar shigar kuwa ita ce: da ka kunna, wasu 'yan layuka za su fito a baƙin allo, ka zaɓi ɓangaren da za ka. Rubutun ƙanana ne kamar tururuwa, kuma ba ya da haƙuri. Kafin ka gyara zaman tabarau ya yanke maka hukunci, ya wuce da kai wajen Auta.

Za ku ce ina na san wannan. To, ni ne na tsaya a tsakiyar falo bayan rasuwa na ce kuka ba ya dawo da kowa. Ni na tattara kayan sawarta na rabar. Ni na ce ba na son a sake kunna muryarta a gidan nan, don mu musulmi ne, ba 'yan wasan kwaikwayo ba. Auta ta haɗiye nata kukan saboda ni. Amma kullum, da na ji ƙarar rufe get, na tabbatar ta tafi aiki, sai in ɗauko laftof daga ɗakinta in shiga ɓangaren Malama.

Malama kimiyya take koyarwa, ta ɗauki darussa da muryarta don ɗalibai. Ni da ban taɓa damuwa da abin da ke sa ƙarfe tsatsa ba, yanzu na haddace. A wannan darasin na tsatsa ake jin tarina daga nesa, ta tsaya ta ce, "Malam, don Allah ka fita da tarin nan waje, ana aiki." Sannan ta ci gaba kamar ba ta yi magana ba. Wannan wurin nake maimaitawa. Kada wanda ya rubuto mini cewa abin tausayi ne. Na sani.

Ranar Laraba Injiniya ya zo ya sabunta wa Auta manhajojinta, ya sha shayi, ya tafi. Ranar Alhamis da safe na kunna, rubutun ya tsere mini. Na kashe na sake kunnawa, ya sake tserewa. Raina ya ɓaci. Na ce mutumin da ya gyara wa farfesoshi rubutu ba zai tsaya injin da ba ya jin gaisuwa yana wasa da shi ba.

Na taɓa tambayar Injiniya kwanakin baya, a kaikaice, ko ana iya ƙara wa rubutun nan girma. Ya miƙe da rawar jiki zai yi, na ce, "Zauna. Tambaya na yi, ban ce ina so ba." Don in na ce ina so, Auta za ta tambayi me ya kai ni wurin.

Sai na nemi amsa a waya. Na sami wani zaure a intanet inda mutanen da ba su san juna ba suke ba juna shawara da ƙarfin hali. Kalmar sirrin Auta na san ta, na sha leƙen yatsunta tana buga ta a falo, sai na shiga ɓangarenta. Na bi abin da suka ce, na buɗe wani fayil mai cike da layuka. Wani ya ce a ƙara wata doguwar kalma da ba ta cikin kowane ƙamus da na mallaka, wai ita ta sa komai ya yi girma a tasa na'urar. Na kwafe ta harafi bayan harafi, don kwafa dai na iya. Sannan na ga layin da ke faɗin tsawon lokacin da zai jira mutum. Nan ban nemi shawarar kowa ba, hankalina na yi amfani da shi. Na ce in lamba tana nufin iyaka, to sifili yana nufin babu iyaka, zai jira ni har in gama goge tabarau. Na goge lambar na sa sifili. Na buga umarnin da suka ce yana tabbatar da gyara, na kashe, na kunna.

Layukan zaɓi ba su fito ba. Komai bai fito ba. Baƙin allo, da wani ɗan farin layi a can sama yana ƙiftawa.

Na kashe na kunna har yatsana ya gaji. Na cire caja na mayar. Na busa madannan, kamar ƙura ce ta yi laifin. Daga ƙarshe na rufe ta, na mayar kan gadon Auta daidai yadda na same ta, har da gefen gyalen da ya ɗan rufe ta. Na koma falo na buɗe littafi. Har azahar shafi ɗaya nake kallo.

Auta ta dawo da la'asar, sanye da doguwar rigarta ruwan toka da katin ofis a wuya. Ta gaishe ni, ta shiga ɗaki. Can ta fito da laftof a buɗe a hannu.

"Baba, ka taɓa ta yau?"

Ga inda ya kamata labarin nan ya ƙare, da jimla ɗaya. Abin da na ce shi ne, "Ni da ban san inda ake kunna ta ba? Wa ya taɓa ta jiya?"

Kun ga ban ce shi ba ne. Tambaya na yi. Shekarun da na yi ina auna kalmomi ba su tafi a banza ba.

Ta zauna a hannun kujera tana rubuta wa Injiniya saƙo, wayar a inda nake hango ta. Ta rubuta: "Laftof ba ta nuna komai. Wurin zaɓen ma ya ɓace. Me ka yi jiya?" Ya amsa nan take: "Sabuntawa kawai, wallahi. Ban je kusa da wurin ba." Ta rubuta: "Ka tabbata?" Ya ce: "Na rantse miki. Ga ni nan."

Ta ajiye wayar, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Muryar Mama duk tana ciki. Ban taɓa kwafe ta ko'ina ba. Ka ce ba ka so, shi ya sa ban ko buɗe ba, amma ina sane tana nan."

Na ce, "Allah Ya kyauta." Na juya shafi.

Injiniya ya iso da jakarsa a baya, farar rigarsa ta jiƙe da gumi a ƙasan maɗauran jakar. Karo na farko da na gan shi babu murmushi, kuma ban ɓoye muku ba, abin ya yi mini daɗi. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa da kai. Ya zauna a ƙasa, ya ɗora laftof a kan teburin falo.

Da farko ya zaci allon ne ya mutu. Ya haska shi da tocilan wayarsa yana leƙe ta gefe, ko hoton yana nan fitilar ciki ce ta ɗauke. Babu komai. Ya ciro doguwar wayar haɗi daga jaka ya haɗa laftof da talabijin. Talabijin ma ta nuna baƙi da ɗan farin layin, sai dai yanzu ya ƙara girma, kowa ya gan shi da kyau.

Na ce, "Ci gaba ne. Da a ƙaramin allo ba ma ganin komai, yanzu a babba ba ma gani."

Ba wanda ya yi dariya. Ya sake kunnawa yana danna wani madanni da sauri, bai yi ba. Ya gwada wani. Ya duba wayarsa, ya share goshi da bayan hannu.

"Wataƙila sabuntawar ce ta zo da matsalar hoto," ya ce a hankali. "Yana faruwa. Amma ba ta isa ta ɓatar da wurin zaɓe ba. Wannan ne ban gane ba."

"Ni ba bayani nake so ba," in ji Auta. "Mama tana ciki ko ba ta ciki?"

"Ban sani ba tukuna."

A nan wayata ta yi ƙara. Yayata ce, wadda Auta ke kira Gwaggo, mace mai muryar da ba ta buƙatar waya. Na fita baranda.

"Malam, manyan injiniyan nan sun sake aiko mini. Ranar Asabar suke so su zo. Yarinyar nan jiƙa ta za ka yi ka sha?"

"Za mu duba, Yaya."

"Duba uwar me? Tun bara kake dubawa, ko makaho ne ai ya ci ya gani. Zuwa magariba zan sake kira, ka ba ni e ko a'a in san abin da zan faɗa musu. Na gaji da jin kunya da girmana."

Da na dawo, Injiniya ya danne madannai uku lokaci guda, sai ga rubutu fari ya bayyana a baƙin allon. Ya sauke ajiyar zuciya. Ya ce wannan shi ake kira konsol, wato na'urar tana raye, hoton ne kawai ya kasa tashi, amma ana iya yi mata magana da rubutu. Ya miƙa wa Auta ta sa kalmar sirri. Ya buga wani abu, ya nuna mata layi a talabijin.

"Ga ɓangaren Mama nan. Girmansa yana nan, ba abin da ya taɓa shi. Hanyar ce kawai ta toshe."

Auta ta rufe baki da gefen mayafinta. Ni kuma na koma kujerata na zauna.

Sai ya buɗe fayil ɗin. Na gane shi tun daga nesa, kamar yadda mutum ke gane takalminsa a ƙofar masallaci. Ga doguwar kalmata zaune a layinta, babu kuskuren harafi ko ɗaya. Ga sifilina a sama, ƙato, a talabijin ɗin da muke kallon labarai.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Sifili yana nufin kada ya jira ko kaɗan. Wannan kalmar kuma tana hana hoto tashi yadda ya saba, a wasu na'urorin komai ya yi manya-manya, a wasu kuma ya ƙi fitowa sam. Sabuntawa ba ta rubuta waɗannan. Hannu ne."

"Hannun wa?" in ji Auta.

Ya ɗago. Bai dube ta ba, ni ya duba. Ba kallon zargi ba ne, da shi ne ai da na san yadda zan yi da shi. Kallon mutum ne da ya tuna wata tambaya da aka taɓa yi masa aka ce ya zauna. Na riƙe idonsa da duk taurin kan da Allah Ya ba ni. Na buɗe baki, ina jin da gaske na buɗe, amma ya riga ni.

"Hannuna ne," ya ce. "Jiya na so in gyara wani abu, na manta ban mayar ba."

Auta ta juyo ta dube shi. Sannan ta ɗauki wayarta, ta juya masa allon.

"Karanta. 'Ban je kusa da wurin ba.' 'Na rantse miki.' Kai ka rubuta ko wani ne?"

"Ni ne."

"Abu ɗaya na roƙe ka. Ɗaya. Da ka ce ka taɓa ka yi kuskure, wallahi da yanzu mun wuce wurin. Amma ka rantse mini, sannan ka zo ka zauna kana haska tocila, kana haɗa waya da talabijin, alhali ka san abin da ka yi?"

"Ki yi haƙuri."

"Gyara ka tafi."

Ya gyara. Ya goge kalmata, ya canza sifilina, ya ƙara wasu abubuwa da ban bi ba. Ya kunna, layukan zaɓi suka fito, ya shiga Windos. Hoton da Malama ta sa a fuskar allon ya cika talabijin: ita da Auta ranar kammala makaranta, ni kuma a gefe an yanke rabin kafaɗata. Ya cire wayarsa, ya naɗe ta a hankali, ya goya jakarsa. Ya durƙusa ya yi mini sallama kamar kullum.

Na ce, "A gaida gida." Abin da na iya ke nan. Mutum ya ɗauki kayana ya ɗora a kansa, na ce a gaida gida.

Bayan ya fita Auta ta rufe laftof, ta rungume ta a ƙirji.

"Baba, ashe kai ka fi ni gani. In Gwaggo ta kira, ka ce mata kada su zo. Ba Asabar ba, ba wata Asabar ba."

Ta shige ɗaki. To, ga shi na samu. Abin da na yi shekara ina nema da dabara da jan ƙafa, an kawo mini har kujera, ban ko tashi ba. Auta za ta zauna, za a ci gaba da ajiye mini shayi da safe, kuma ita da bakinta ta ce na fi ta gani. Na jira in ji daɗi. Daɗin bai zo ba.

Saƙo ya shigo wayata. Lambarsa ce, wadda na ajiye da sunan "Mai Jaka".

"Baba, na ƙara girman rubutun, kuma yanzu zai jira har sai an zaɓa. Wanda yake so ya jira, ɗaya ake sawa da alamar ragi a gabansa. Ba sai ka ce mata komai ba. Zan san yadda zan yi."

Na karanta, na ji na tsane shi fiye da kowane lokaci. Wa ya roƙe shi? Da ya tona ni, da na yi faɗa, na ce an raina ni a gidana, na kwana biyu ba na magana, shi ke nan. Yanzu ya bar ni da abin da babu wanda zan yi wa faɗa a kai.

Ana gab da kiran magariba Yaya ta kira. Ina kallon sunanta, wata dabara ta zo mini, irin ta matsorata masu ilimi. Na ce ai ba dole sai na faɗi komai ba. In na buɗe masa ƙofa, na rama abin da ya yi mini, Auta za ta huce da kanta, muryar Malama kuma ta ci gaba da zama tsakanina da rana tsaka. Kowa ya samu nasa, ba wanda ya ji kunya.

Na ɗaga, na rage murya. "Yaya, ki ce su zo ranar Asabar."

Ta rangaɗa wata kabbara da sai da na janye wayar daga kunne. Da na juyo, Auta tana tsaye a bakin ƙofar falo. Ta cire mayafin, idanunta sun yi ja, hannunta ɗaya a jikin labule. Ban san tun yaushe take wurin ba.

"Da izinin wa, Baba?"

Na kashe wayar Yaya tana tsakiyar magana.

"Tun bara kake cewa a'a, ba ka da dalili ko ɗaya," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, uwarta ma ba ta ɗagawa. "Yau da ya ba ka dalili da hannunsa, a gabanka, yau ne ka ce e. Kai ba ka yafe wa mai jarida waƙafi, za ka yafe wa mutum rantsuwar ƙarya? Me ka sani da ban sani ba?"

Na duba ko'ina a kaina, cikin duk littattafan da na karanta, ina neman jimlar da ba ƙarya ba ce kuma ba gaskiya ba. Karo na farko a rayuwata babu ko ɗaya.

Na ce, "Ɗauko laftof ɗin, ki jawo kujera. Akwai darasin tsatsa da nake so ki ji, sannan ki tambaye ni yadda aka yi na san a minti na nawa tarina yake."